Sunan Delano Sunan Wuri Ne, Ba Shaidar Jinin Sarauta Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi tsokaci a kan wata jimla guda da ta fito a maƙalar da kuka buga kwanakin baya game da Franklin Delano Roosevelt, wanda ya shugabanci Amurka daga 1933 zuwa 1945. Marubucin ya ce sunan tsakiyar shugaban, wato Delano, sunan wani gidan sarauta ne na Faransa, don haka ta wajen uwa Roosevelt jinin sarakai ne. Maƙalar ta amfane ni ƙwarai, kuma ban ga laifin marubucin ba, domin wannan magana ta daɗe tana yawo a rubuce tun kafin a haifi marubucin. Sai dai na daɗe ina bibiyar tarihin sunayen iyali na Turai, kuma wannan suna yana cikin waɗanda suka fi jan hankalina, shi ya sa nake ganin bai kamata a bar masu karatu da rabin labari ba.

Da farko, ita kalmar kanta. A asali ana rubuta sunan ne da kalmomi biyu, de Lannoy, ma'ana mutumin Lannoy. Shi kuma Lannoy sunan wuri ne da ya samo tushe daga wata bishiya da Faransawa ke kira aulne, wadda a Latin ake ce wa alnus. Bishiya ce mai son dausayi da bakin rafi, kuma katakonta ba ya saurin ruɓewa idan yana cikin ruwa, abin da ya sa magina a Turai suka daɗe suna kafa shi a matsayin turaku a ƙarƙashin gine-gine a wurare masu laka. Duk inda waɗannan bishiyoyi suka taru suka yi kurmi, mutanen arewacin Faransa sukan raɗa wa wurin suna da su, kowane yanki da irin lafazinsa. Daga nan aka sami Lannoy, da Launay, da Aulnay, har da garin Aulnay-sous-Bois da ke gefen birnin Paris. Daga sunayen wuraren kuma aka sami sunayen mutane irin su Delannoy da Delaunay da de Launay, wanda shi ne sunan shugaban kurkukun Bastille a ranar da jama'a suka afka masa a 1789. A kudancin ƙasar kuwa, inda tsohuwar kalmar mutanen Gol, wato tsoffin mazauna Faransa, ta wanzu, ana kiran bishiyar verne, kuma daga ita aka sami sunaye irin su Verne da Vernet. Ashe ke nan bishiya ɗaya ce ta haifi tarin sunaye, kuma duk wanda kakansa ya zauna kusa da irin wannan kurmi, attajiri ne ko masaƙi ko mai noman haya, yana iya wayar gari da sunan.

Garin Lannoy da aka fi sani yana kusa da Roubaix da Lille, dab da iyakar Faransa da Beljiyam ta yau, kuma yana cikin garuruwa mafi ƙarancin faɗin ƙasa a duk Faransa, domin bai kai hekta 20 ba. Akwai wani abu a nan da ya kamata a lura da shi idan ana cewa sunan na Faransa ne. Ta fuskar harshe, babu shakka na Faransanci ne. Ta fuskar mulki kuwa, a lokacin da kakannin Roosevelt suka bar yankin, Lille da kewayenta suna ƙarƙashin sarkin Sifaniya ne. Sai a 1667 Sarki Louis na 14 ya ci birnin da yaƙi, aka kuma tabbatar masa da shi a yarjejeniyar 1668. Mutanen yankin masu magana da Faransanci ana kiran su Walun a ƙasashen da suka yi gudun hijira zuwa cikinsu, kuma da wannan suna ne za a same su a tsofaffin takardun Ingila da Holan.

Gaskiya ne akwai babban gida mai suna de Lannoy, kuma ba ƙaramin gida ba ne. Daga cikinsa aka sami Ghillebert de Lannoy, jakada kuma matafiyi wanda ya zaga Masar da Sham a farkon ƙarni na 15. Daga cikinsa aka sami Charles de Lannoy, wakilin sarkin Sifaniya a Naples, wanda Sarkin Faransa François na 1 ya miƙa wuya gare shi a yaƙin Pavia a 1525. Gidan yana nan har yau a Beljiyam, kuma 'yarsu Stéphanie de Lannoy ta auri yarima mai jiran gadon Luksambag a 2012. Wannan ne ya sa duk mai ɗauke da sunan yake jin kwaɗayin ya jingina da su. A 1899 an buga wani babban littafin salsalar zuri'ar Delano a Amurka, wanda ya haɗa kakansu na farko da wannan gida, ya bi da shi ta cikin sarakuna har zuwa can baya, kuma daga wannan littafi ne maganar ta bazu. Amma da masu bincike na baya-bayan nan suka koma ga takardun coci da na aure a birnin Leiden na ƙasar Holan, ba su sami abin da ya tabbatar da wannan haɗi ba. Kama da wane ba ta wane. Kalmar de da ke gaban sunan Bafaranshe ma'anarta "daga" ce kawai, kuma dubban talakawa sun ɗauke ta ba tare da sun taɓa mallakar ko taki ɗaya na ƙasar da aka kira su da ita ba.

Abin da takardun suka nuna shi ne wannan. A rabin ƙarshe na ƙarni na 16, sarautar Sifaniya ta tsananta wa mabiya ɗariƙar Furotesta a ƙasashen da yau ake kira Beljiyam da Holan da arewacin Faransa, musamman bayan zuwan sarkin yaƙi Alba a 1567 da kotun da ya kafa, wadda ta yanke wa mutane da yawa hukuncin kisa ta kuma ƙwace dukiyar wasu. Dubban mutane suka tsere, akasarinsu masaƙa da masu sana'ar ulu. Wasu suka haye teku zuwa Canterbury a Ingila, inda aka ba su wani ɗaki a ƙarƙashin babbar majami'a su riƙa ibada da harshensu, wasu kuma suka nufi arewa zuwa Leiden, wadda ta buɗe musu ƙofa saboda tana neman masu farfaɗo mata da masaƙu bayan ƙawanyar da ta sha a 1574. A cikin waɗannan baƙi akwai wani mutum daga Tourcoing, garin da ke da tazarar kilomitoci kaɗan daga Lannoy, wanda magatakarda suka rubuta sunansa Jan Lano, da wata mata mai suna Marie Mahieu wadda iyayenta mutanen yankin Lille ne. Sun yi aure a Leiden a 1596, kuma a 1603 aka yi wa ɗansu Philippe baftisma a cocin Walun na birnin.

A nan ne ƙaddara ta haɗa wannan iyali da wasu baƙin dabam. A 1609 wata ƙungiyar Ingilishi da suka ɓalle daga cocin ƙasarsu ta zo ta zauna a Leiden, kuma ƙanwa ko yayar Marie, mai suna Hester Mahieu, tana auren wani Ba'ingile mai suna Francis Cooke. Wannan Cooke yana cikin fasinjoji 102 da suka shiga jirgin ruwan Mayflower a 1620 suka kafa garin Plymouth a gaɓar Amurka ta Arewa, inda kusan rabinsu suka mutu a hunturun farko. Shekara guda bayan haka, a watan Nuwamba na 1621, jirgi na biyu mai suna Fortune ya iso da mutum 35, kuma a cikinsu akwai Philippe, saurayi ɗan kimanin shekara 18, wanda ya bi sawun mijin innarsa. Babu wani muƙami ko tambarin gida da ya zo da shi. Ya sami rabon fili kamar sauran, daga baya ya koma Duxbury ya yi noma, ya auri Hester Dewsbury a 1634, ya sake aure bayan rasuwarta, ya rasu wajen 1681.

Yadda sunan ya sauya kama abu ne mai sauƙin fahimta ga duk wanda ya taɓa ganin yadda magatakarda ke rubuta sunan baƙo. A wancan zamani babu tsayayyen rubutun suna, kowa yana rubuta abin da kunnensa ya ji. A Leiden an rubuta Lano. A takardun Plymouth an rubuta De La Noye da Delanoy da wasu siffofi makamantansu, har harshen Ingilishi ya goge ƙarshen kalmar, ya haɗe gaɓoɓinta, ya mayar da nauyin furuci kan gaɓar farko, aka tsaya a kan Delano. A can Faransa kuwa, inda dokar Villers-Cotterêts ta 1539 ta wajabta rubuta sunayen jarirai a rijistar coci, sannan dokar 1794 ta hana mutum amfani da wani suna ban da wanda ke takardar haihuwarsa, siffar da ta kafu ita ce Delannoy, kuma har yau a arewacin ƙasar da Beljiyam ta fi yawa. Wannan ne ya sa ake samun abin mamaki: Delano suna ne na asalin Faransanci da da wuya ka ci karo da shi a Faransa, domin a bakin Ingilishi aka ƙera wannan siffa tasa, kuma mafi yawan tsofaffin iyalan Amurka masu ɗauke da shi suna komawa ne ga mutum guda.

Teku ce ta watsa sunan. Philippe yana cikin waɗanda suka sayi filayen Dartmouth, a jihar Massachusetts ta yau, a 1652, ɗansa Jonathan ya tare a can, kuma daga wannan yanki ne garuruwan New Bedford da Fairhaven suka fito, waɗanda suka shahara da ƙera jiragen ruwa da farautar manyan kifayen teku da ake tatsar mai daga jikinsu. Jikokinsa suka zama matuƙa da 'yan kasuwa, kuma ba duk abin da suka aikata ba ne abin alfahari. Ina ganin wajibi ne a faɗi wannan, tunda dai ana son a yi maganar asali.

A watan Fabrairu na 1805, Amasa Delano, ɗan Duxbury, yana tsaye da jirginsa kusa da tsibirin Santa María a gaɓar Chile, sai ya hangi wani jirgin Sifaniyawa mai suna Tryal yana tangaɗi kamar wanda ya rasa mai shi. Ya hau jirgin da ruwa da abinci, ya yi sa'o'i a ciki, bai gane abin da ke faruwa ba. Ashe bayin da ke cikin jirgin, mutanen Afirka ta Yamma waɗanda da yawansu Musulmi ne, sun yi tawaye makonni da suka wuce a ƙarƙashin jagorancin wani dattijo mai suna Babo da ɗansa Mori, sun ƙwace jirgin, sun umarci matuƙin ya mayar da su Senegal. Duk tsawon ziyarar sun yi kamar har yanzu su bayi ne, matuƙin kuma ya yi kamar shi ke da iko. Da asiri ya tonu, Amasa ya tura mutanensa da makamai suka murƙushe su, aka kashe wasu a faɗan, aka kai sauran Concepción, aka yanke wa jagororin da suka rage hukuncin kisa, shi kuma ya shiga neman ladan aikinsa. Duk lokacin da na karanta wannan labari sai zuciyata ta sosu, domin jikan mutanen da suka bar ƙasarsu don gudun zalunci shi ne ya datse wa wasu hanyar komawa tasu ƙasar.

Kakan Roosevelt na wajen uwa, Warren Delano, wanda aka haifa a 1809, ya tara dukiyarsa ne a Canton ta ƙasar Sin a kamfanin Russell & Company, kuma babban ɓangare na ribar ya fito ne daga cinikin ofiyom, ƙwayar da hukumomin Sin suka haramta shigo da ita. Da ya yi asara a rikicin kuɗi na 1857 sai ya sake komawa, iyalinsa suka bi shi Hong Kong a 1862, har da 'yarsa Sara tana ƙaramar yarinya. Ita ce ta auri James Roosevelt a 1880, ta haifi Franklin a ranar 30 ga Janairu, 1882. Idan har akwai abin da ya ɗaga gidan Delano zuwa sahun manya a Amurka, to jiragen ruwa ne da wannan ciniki, shekaru fiye da 200 bayan saukar Philippe.

Reshen da ya fi ba ni sha'awa shi ne na Chile. Wani matuƙi mai suna Paul Delano, ɗan yankin New Bedford, ya kai wa sabuwar ƙasar jirgin yaƙi a 1819 lokacin da take fafutukar ƙwatar kai daga Sifaniya, ya yi aiki a rundunar ruwanta, ya kuma zauna har ƙarshen rayuwarsa. Zuri'arsa suna rubuta sunan Délano, da ɗigon nauyi a kan wasalin farko, domin a ƙa'idar rubutun Sifaniyanci sai da wannan alama za a furta shi yadda Ingilishi ke furtawa. Daga cikinsu aka sami Jorge Délano, mai zanen barkwanci da ya kafa mujallar Topaze a 1931, da marubuta Luis Enrique Délano da ɗansa Poli Délano. Suna ne da ya gudu daga mulkin Sifaniya a Turai, ya ratsa ta bakin Holan da na Ingilishi, ya ƙare a ƙasar da ke magana da Sifaniyanci, har wanda bai sani ba zai rantse cewa can ne asalinsa.

A cikin Amurka kanta sunan ya bar gaɓar teku ya bi masu ƙaura zuwa yamma. Columbus Delano na jihar Ohio ya riƙe ma'aikatar harkokin cikin gida daga 1870 zuwa 1875 a gwamnatin Ulysses Grant, wanda shi ma jikan Philippe ne ta wajen wata kakarsa, Susanna Delano. Da sunan wannan minista aka kira garin Delano na California, inda leburorin gonakin inabi, 'yan asalin Filifin da Meziko, suka fara shahararren yajin aikinsu a watan Satumba na 1965. Akwai kuma Jane Delano, ma'aikaciyar jinya da ta kafa sashen jinya na ƙungiyar Red Cross ta Amurka a 1909, ta shirya dubban mata zuwa fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta kuma rasu a Savenay ta ƙasar Faransa a 1919.

Saura nau'i na ƙarshe, wanda shi ne ya fi ruɗa masu ƙidayar sunaye, wato mutanen da ke amsa Delano ba tare da wata alaƙa da Philippe ko da Lannoy ba. Shahararren mai ɗaukar hoto Jack Delano, wanda ya yi yawancin rayuwarsa a Puerto Rico, an haife shi ne a Yukren a 1914 da sunan Jacob Ovcharov, daga baya ya zaɓi sabon sunan da kansa. Farin jinin Roosevelt ya sa iyaye da yawa, musamman baƙaƙen fatar Amurka da mutanen tsibiran Karibiyan, suka riƙa sa wa 'ya'yansu Delano a matsayin sunan yanka. Marubucin nan Isaac Delano, mai ƙamus na Yarbanci, sunansa na Yarbawa ne, haruffa ne kawai suka zo ɗaya. Saboda haka idan mutum ya buɗe irin shafukan intanet da ke zana taswirar yaɗuwar suna, ya ga ɗigo a Massachusetts da Santiago da Legas da Kingston, kada ya ɗauka dangi guda yake kallo, domin kwamfuta haruffa take ƙirgawa, ba ta san wanda ya haifi wani ba. Hanyar da masu wannan ilimi suka yarda da ita ita ce a fara daga mutumin da aka sani, a koma baya tsara bayan tsara, kowace gaɓa da takardarta ta haihuwa ko aure ko gado, inda takarda ta yanke kuma a tsaya a nan. A salsalar Delano, takarda tana kai mu Leiden da Tourcoing, ba ta shiga fadar kowa ba.

Dalilin da ya sa na damu da wannan gyara har na ɗauki alƙalami shi ne, idan aka ce Roosevelt jinin sarakan Faransa ne, an share mutanen da suka cancanci a ambata: baƙin da suka rasa gida saboda aƙidarsu, birnin da ya karɓe su saboda yana buƙatar hannayensu, da saurayin da ya hau ƙaramin jirgi zuwa wurin da kusan rabin mazaunansa suka mutu a hunturun da ya gabata. An kuma rufe ido ga Babo da Mori da mutanen Canton, waɗanda su ma suna cikin tarihin wannan suna ko ba su so ba. Ina roƙon ku, idan hali ya yi, ku sanya ɗan gajeren gyara a fitowa ta gaba, cewa Delano ya samo asali ne daga de Lannoy, sunan wuri a yankin Lille, cewa wanda ya kai shi Amurka a 1621 ɗan 'yan gudun hijira ne da aka haifa a Leiden, kuma cewa dangantakarsa da gidan sarautar Lannoy magana ce da aka buga a 1899 wadda takardun asali ba su tabbatar da ita ba.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani mai karatunku na kullum